Yaron da Aka Tura Wata Ƙasa, Ba a Barinsa Shi Kaɗai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bara, wato yadda muke tura yaranmu karatu wata ƙasa mu bar su su kaɗai.

A ƙarshen daminar bara aka turo wani ɗan bautar ƙasa makarantar sakandaren garinmu, mutumin Aba ta Jihar Abiya, mai gari kuma ya roƙe ni in sauke shi a shagon da ke jikin zaurena. Na shafe shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, na ga masu bautar ƙasa iri-iri, da yawansu ba sa cika wata guda sai su nemi canji, wasu kuma su tare a Dutse ko Kano. Shi wannan yaro tun a makon farko ya sayi ƙaramin littafin rubutu, da la'asar sai ya zauna kusa da ni yana tambayar sunan duk abin da idonsa ya faɗa a kai, daga rumbu da lauje har igiyar guga. Kafin a gama yankan dawa ya iya gaisuwa, yana rusunawa idan zai gai da dattawa, yana cin tuwo da miyar kuka da hannu. Abu ɗaya ne ya so ya jawo masa magana, wato duk sanda samari suka ja shi teburin mai shayi ba ya karɓar shayin, har wasu suka ɗauka ƙyama ce. Daga baya ya bayyana mini cewa cocinsu ne ya hana su shayi da kofi, tare da giya da taba. Tun daga ranar uwargidana take aika masa da kunun tsamiya kowace safiya.

Wata rana na ce masa, "Ɗana, a ina ka koyi zaman baƙunta haka?" Ya ce, "Baba, ai ba wannan ne karo na farko ba."

Ashe mabiyin ɗarikar Kiristan nan ne da aka fi sani da Mormon, wadda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, hedikwatarta kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Masu wa'azinta sun shigo Nijeriya a 1978, har suka buɗe babban haikali a Aba a 2005. A tsarinsu, saurayin da ya kai shekara 18 yana iya ba da shekara biyu ga aikin wa'azi ba tare da albashi ba, 'yan mata kuma wata 18, kuma ba shi ke zaɓar inda za a kai shi ba, takarda ce kawai take zuwa masa. Tasa takardar ta ce Kwaddibuwa, ƙasar da bai san ko gaisuwarta ba.

An fara kai shi cibiyar horonsu da ke Akara a Ghana, ya yi 'yan makonni yana koyon Faransanci, amma da ya sauka Abijan sai ya tarar Faransancin aji daban, na bakin titi daban. Wata guda cur, in an yi masa magana sai dai ya yi murmushi. Abincin garin, wanda ake yi da rogo a ci da soyayyen kifi, ya ɓata masa ciki a kwanakin farko. Ko sunansa na yanka babu mai kira, sai laƙabin Elder da sunan gidansu, waɗanda aka rubuta a baƙin bajon da ke maƙale a aljihun farar rigarsa. Ya ce akwai dararen da yakan shiga banɗaki ya buɗe famfo domin kada abokin zamansa ya ji kukansa, ya wanke fuska ya fito.

Abin da ya riƙe shi, a cewarsa, shi ne ba a taɓa barinsa shi kaɗai ba. Tun ranar da ya sauka aka damƙa shi a hannun wani da ya riga shi zuwa, ɗakinsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, shi ya nuna masa kasuwa, ya koya masa ƙirgar sefa, yana gyara masa harshe a hanya. Suna tashi ƙarfe shida da rabi, su kwanta goma da rabi, babu sararin zama a yi tagumi. Kowane mako yana rubuta wa dattijon da ke shugabantar aikinsu wasiƙa a kan halin da yake ciki. A da sau biyu kacal a shekara ake barin irin waɗannan samari su yi waya gida, amma tun 2019 aka ba su damar kira kowane mako, abin da ya nuna mini cewa su kansu sun gane raba yaro da muryar uwarsa ba ya ƙara masa juriya.

Ni Musulmi ne, tsakanina da aƙidarsu akwai nisa, kuma a iya zamansa da mu yaron nan bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanena.

Yana da shekara goma sha tara, ya haddace Alƙur'ani, ya sami gurbin karatu a Alƙahira. Muka sayar da bijimai biyu, muka yi walima, malamai suka yi addu'a, muka raka shi filin jirgin Kano, muka dawo muna ganin mun sauke nauyi. Babu wanda ya gaya masa cewa Larabcin da Misirawa ke yi a kasuwa ba shi ne na littattafan da ya karanta a zaure ba. Babu wanda ya ba shi labarin sanyin hunturun can, ko wahalar sabunta takardar zama, ga shi ko shinkafa bai iya dafawa ba. Da ya fara bugo waya yana cewa abin ya yi masa nauyi, mahaifinsa ya ce namiji ba ya raki, ni ma da aka miƙo mini wayar haƙuri kawai na ba shi, ban tambaye shi ko ya ci abinci ba. Sai ya daina kira, mu kuma muka ɗauka ya saba. Bayan wata takwas ya dawo a rame, ba ya magana da kowa, wasu na cewa sammu ne, wasu iska. Allah ya ba shi sauƙi, yanzu yana noma, amma karatun ya tafi, kuma ina cikin masu alhakin hakan.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, addininmu kuma ya hore mu da cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, saboda haka ba aron wani abu nake cewa mu yi ba, namu ne muka yar. Ɗalibanmu suna Masar, suna Indiya, suna Sin, kuma mun ga halin da na Sudan suka shiga da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Idan har saurayi mai shekara 18, da horo da abokin zama da mai kula da shi, zai ɓuya ya yi kuka, to mu tuna da almajiri ɗan shekara bakwai da muke ɗorawa a mota da allo da kwano.

Roƙona ga duk mai ɗaukar nauyin karatun yara a waje, hukuma ce ko attajiri ko ƙungiyar gari, shi ne kafin a tashi a tara yaran na 'yan makonni, a kira waɗanda suka yi karatu a ƙasar su faɗa musu gaskiyar zaman, daɗinsa da ɗacinsa. Kowane sabon zuwa a haɗa shi da wani tsohon ɗalibi da aka san sunansa, wanda zai tarbe shi ya riƙe shi watannin farko. Iyaye kuma mu sa ranar waya, in yaro ya ce da wuya mu bari ya kai aya kafin mu ce ya yi haƙuri.

Bana ƙanen yaron namu da ya dawo ma ya sami gurbi a Alƙahira. Mun riga mun yi magana da wani ɗalibi mutumin wajen Haɗeja da ke shekararsa ta uku, ya yarda zai tarbe shi su zauna ɗaki ɗaya, mun tsayar da kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a matsayin ranar waya, mahaifiyarsa kuma ta sa shi a gaba a madafa. Baƙon namu zai kammala bautar ƙasa a watan gobe, ya saya wa yaron sabon littafin rubutu irin nasa, ya ce ya fara da gaisuwa da sunayen abinci.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.