A daina cire tamostat da sunan gyara

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu mota, tunda zafi ya shigo obahitin, wato zafin inji fiye da kima, ya fara damun mutane.

Watan jiya a hanyar Zariya allurar zafin injin motata ta haura ja, na kai wa wani bakanike, ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce wai tamostat ne, wato abin da ke daidaita zafin inji, a cire shi a haɗa fanka dairek. Haba malam! Ashe murfin lagireto ne kawai robarsa ta mutu, ruwa yana ta zirarewa.

Ni abin da na koya, ka lura da lokacin da take zafin. In a gosulo take yi amma da ka hau titi allura ta sauko, to fanka ce ba ta juyawa, duba fiyus da rile, wato makunnin da ke ba fankar wuta, tukuna. In kuma sai kana gudu ko hawan tudu take yi, lagireto ne ya toshe, galibi saboda ruwan rijiya da muke ɗurawa maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ko famfon ruwa ya gaji. Duba ƙasan mota ko tiyo na ɗiga. Wanda ya fi ban tsoro shi ne farin hayaƙi a salansa, ruwa yana kumfa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, wannan kam gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, kashe motar kawai.

Kuma don girman Allah kar a buɗe murfin lagireto inji da zafi, a bari ya huce.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano