Naraguta ta girmi katangar Jami'ar Jos: amsa ga mai tambaya

Malam, bayan gaisuwa.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: wai me ya sa nake ɓata lokacin ɗalibai da tarihin Naraguta, "ƙauyen dukawa a bayan katangar jami'a", alhali ba a can aka haife ni ba. Maganar haihuwa ba zan tsaya a kanta ba, ilimi ba ya tambayar inda aka binne cibiya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ka ambaci dukawa kamar kana zagi.

Kafin a san Jos a matsayin gari, Naraguta ake ambata. Tsakanin 1903 da 1904 Baturen Kamfanin Neja, Laws, ya bi sawun kuza ta Tilden Fulani, ya gangaro bakin kogin Dilimi ya kafa sansani a nan, a ƙasar ƙabilar Anaguta. Kuzar ma ba shi ya gano ta ba, mutanen garin Liruwe sun daɗe suna narka ta suna kai wa fatake. Da Turawa suka tsara mulki, sunan Naraguta suka sa wa gundumar, ƙarƙashin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya da ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957, kuzar wannan yanki ya zo kwasa.

Da haƙar kuza ta ja baya, kamfanoni suka naɗe kayansu suka bar mana kududdufai. Su wa suka riƙe sunan garin? Waɗannan dukawan da ka raina, masu jima da ɗinka jaka da takalmi da titimi, waɗanda baƙi ke tsayawa a hanyar Bauchi domin kayansu.

Shekaruna a aji kowa a Jos ya san su, ban taɓa koyar da abin da ban bincika ba. Kai kuwa, Malam, ina zargin tafin ƴan kallo kake nema. Da sani kake so, da ka zo ka same ni.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ɗalibai na kwana suna tashi a harabar da ke ɗauke da sunan garin, su gama digiri ba su taɓa zama gaban dattijo ɗaya na Anaguta ko na Hausawan wurin ba. Dattijan nan suna ƙarewa, ba wanda ke rubuta abin da suka sani. Ranar Asabar zan kai ɗalibaina wajensu. Idan ka yarda, akwai wurinka a motar.

Wassalam.