Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Wayar da Kan Jama'a, Sakkwato

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman muhawara kan tsarin da ke tattare iko a hannun gwamnatin tsakiya. Mun fara da tarihi. Dokar soja mai lamba 34, wadda Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa a watan Mayun 1966, ta rushe jihohin wancan lokaci ta mayar da Najeriya ƙarƙashin gwamnati guda. Arewa ba ta karɓa ba, Gowon kuma ya soke ta kafin shekarar ta ƙare. Dattawan da suka ga zamanin 'yan doka na En'e sun ba mu labarin yadda aka haɗe su da 'yan sandan tarayya.

Masu goyon bayan tsarin sun kawo hujja mai nauyi. Kuɗi ɗaya, soja ɗaya, ga rigakafin shan inna da aka tafiyar a faɗin ƙasa har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji a 2020. Jihar da harajinta bai taka kara ya karya ba, irin tamu, da kason tarayya take biyan albashi. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba.

Amma zaman da ya fi taɓa mu shi ne wanda 'yan uwanmu na Isa da Sabon Birni suka halarta. Wani manomi ya ce shekara da shekaru bai taka gonarsa ba saboda rashin tsaro, ga ta yana hange daga bakin gari. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, don haka kwamishinan 'yan sanda na jiha ga Abuja yake amsawa. 'Yan kasuwar Illela su ma sun tuna rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, hukuncin da aka yanke nesa da su, su kuwa suka ɗauki asarar. Gwamnatin tarayya na karɓar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.60. A ganin shugabannin ƙungiyarku, wannan rabo ya yi wa karkara kaɗan, kuma tsaro ya kamata ya matso kusa da jama'a.

Mun kai ziyarar wayar da kai makarantun sakandare, mun kuma tattauna hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye.

Baɗi, in Allah ya yarda, za mu naɗa wakili a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jiharmu don bibiyar kuɗin da ke shigowa da inda yake tafiya. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar.

Sakatare