Rahoton Ayyukan Shekara: Buɗe Tagar Umarni da Dannawa Ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda aka saba, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. A babban taron bara kun yanke shawarar a tattara ƙarfin horo wuri guda, a daina taɓa nan a taɓa can. Abin da aka zaɓa shi ne yadda mai gyaran kwamfuta ko mai kula da ita zai buɗe tagar umarni, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, cikin ƙiftawar ido, a daidai foldar da yake aiki, da daidai ikon da aikin ke buƙata. Wasu sun ga abin ya yi ƙanƙanta a ba shi shekara guda. Kwamiti bai gan shi haka ba, domin ɓarna da yawa tun daga buɗe tagar take samo asali, kafin ma a rubuta harafi ɗaya. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai kawo shi daban.

Zaman farko-farko an yi su ne a kan hanyoyin da Windows ke zuwa da su, waɗanda ba sai an girka komai ba. Danna Win da X sannan I yana buɗe taga ta yau da kullum, Win da X sannan A kuma yana buɗe ta da ikon admin, wato cikakken ikon mai kula da kwamfutar. Idan kana cikin wata folda a File Explorer, danna Alt da D, rubuta powershell (sunan manhajar umarni ta Windows) a layin adireshi, ka buga Enter, tagar za ta buɗe a cikin wannan foldar. Wannan ta ƙarshe ita ce muka fi so kowa ya haddace, don tana aiki a kwamfutar da aka kawo gyara wadda ba ka da damar ɗora mata manhaja.

Mafi yawan lokacin horon ya tafi ne a kan Windows Terminal, manhajar Microsoft da ta fito a watan Mayu na 2020. A 2021 aka ƙara mata salon da ake kira Quake, wanda ya samo suna daga wasan kwamfutar nan na 1996 da tagar umarninsa ke saukowa daga saman sikirin. Ga yadda aka koyar da shi. A girka manhajar da umarnin winget install Microsoft.WindowsTerminal, ko da yake a sababbin bugun Windows 11 tana nan tun asali. A buɗe ta sau ɗaya. Daga nan, duk manhajar da kake ciki, danna Win tare da maɓallin da ke ƙasan Esc, tagar za ta sauko ta mamaye rabin sikirin na sama. Ka sake dannawa ta ɓuya, kuma duk abin da ka bari yana gudana zai ci gaba da gudana. Gefenta na ƙasa kaɗai ake iya ja a ƙara mata tsayi.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne "jiya ya yi, yau ya ƙi". Dalilin ɗaya ne. Manhajar da kanta ce ke sauraren maɓallin, saboda haka idan ba ta gudana, babu mai amsawa. Wanda ya kashe kwamfuta ya kunna, ko ya rubuta exit a tagarsa ta ƙarshe, ya kashe mai sauraren ke nan. Maganin da muka tsayar: danna Win da R, rubuta shell:startup, a cikin foldar da ta buɗe a ƙirƙiri gajeriyar hanya mai ɗauke da umarnin wt -w _quake. Duk lokacin da aka shiga kwamfutar tagar za ta tashi da kanta. Idan an gama aiki a ɓoye ta da maɓallin, kada a rufe. Akwai kuma masu zaton ta mutu saboda ba su gan ta a sandar ƙasa ko a Alt da Tab ba. Haka aka tsara ta, tana nan da ranta.

Batun da ya fi damun kwamiti shi ne na ikon admin, kuma a nan muke roƙon ku karanta a tsanake. Tagar Quake tana buɗewa ba tare da kan taga ba, babu suna, babu shafuka a sama. Wato alamar da aka saba dubawa a san ko admin ne ko ba admin ba, ba za a gan ta ba. Sannan PowerShell da aka buɗe da ikon admin yakan fara ne daga C:\Windows\System32. Mutum ya ɗauka yana cikin foldar da yake son sharewa, ya rubuta Remove-Item * -Recurse, alhali a tsakiyar fayilolin Windows yake, kuma da cikakken iko a hannunsa. Fayil ɗin da aka goge ta wannan hanya ba ya zuwa kwandon shara, balle a je a ɗauko shi. Don haka aka kafa ƙa'ida a ƙungiya: tagar da ke saukowa da maɓalli ta zama ta yau da kullum har abada. Aikin admin a yi masa bayanin saiti na daban. A buɗe fayil ɗin saiti da Ctrl, Shift da waƙafi, a kwafi bayanin PowerShell, a sa masa "elevate": true, a kuma canza launin bayansa zuwa ja mai duhu, misali "background": "#3A0000". Ido na ganin ja, hannu zai yi sanyi. Kafin duk umarnin gogewa ko matsarwa a rubuta Get-Location a ga inda ake, sannan a fara gwada shi da -WhatIf a ƙarshe, wanda ke jero abin da zai taɓa ba tare da ya taɓa ba.

Abubuwa biyu kuma sun sha rikita membobi a tagar admin. Na farko, ma'ajiyar ofis da aka ba harafi, kamar Z:, sai a neme ta a rasa. Windows na ɗaukar zaman admin daban da zaman yau da kullum, haruffan da aka haɗa a ɗaya ba sa bayyana a ɗayan, sai a yi amfani da cikakken adireshin ma'ajiyar mai farawa da \\. Na biyu, jawo fayil da maus daga File Explorer a jefa cikin tagar admin yakan ƙi, saboda manhaja mai ƙaramin iko ba a barin ta ta aika wa mai babban iko saƙo. A riƙe Shift, a danna fayil ɗin da maɓallin dama, a kwafi adireshinsa a liƙa.

An kuma warware rikicin sigogin PowerShell. Windows PowerShell ya fara fitowa a 2006, kuma sigarsa ta 5.1 ce ke zuwa cikin Windows 10 da 11, da sunan powershell.exe. PowerShell 7, wanda ya fito a Maris 2020, manhaja ce daban mai suna pwsh.exe, ana girka ta kusa da tsohuwar ba tare da ta maye gurbinta ba. Rubuta $PSVersionTable.PSVersion zai nuna wacce aka buɗe. Kowacce da fayil ɗinta na farawa, wanda take gudanarwa duk lokacin da aka buɗe ta: ta 5.1 a Documents\WindowsPowerShell, ta 7 a Documents\PowerShell. Shi ya sa gajerun umarnin da mutum ya ƙirƙira suke aiki a wata taga, a wata kuma a ce ba a san su ba. Wanda tagarsa ke jan ƙafa wajen buɗewa ya gwada pwsh -NoProfile. Idan ta buɗe nan take, laifin na fayil ɗin farawa ne, galibi an cika shi da loda kayan da ba kullum ake buƙata ba.

Bambancin sigar ya shafi haruffanmu masu lanƙwasa kai tsaye. Idan an adana fayil ɗin umarni a tsarin haruffa na UTF-8 ba tare da alamar BOM ba (wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil da ke nuna tsarinsa), 5.1 na karanta shi da tsohon tsarin haruffa na Windows, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. An nuna wannan a zahiri da folda mai suna "ƙididdiga": umarnin ya gudana lafiya, babu jan rubutu, amma foldar da ya ƙirƙira sunanta ya dagule. A 7 matsalar ba ta tasowa, don UTF-8 ne tsarinsa na asali. Wanda dole ta sa shi zama a 5.1 ya adana fayilolinsa da BOM, ya kuma riƙa ƙara -Encoding UTF8 a kan Set-Content da Out-File.

Saƙon da ke cewa an hana gudanar da fayilolin umarni a wannan kwamfutar ba lalacewa ba ce. A Windows na gida da na ofis, 5.1 na zuwa a matakin Restricted, wanda ke hana gudanar da su. Abin da muka koyar shi ne Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned, wanda ya shafi mai amfani ɗaya kawai kuma ba ya buƙatar admin. Fayil ɗin da aka sauke daga intanet a karanta shi tukuna, sannan a saki shi da Unblock-File. Idan saitin ya ƙi zama, Get-ExecutionPolicy -List zai nuna ko dokar ofis ce ta danne shi, a nan kuma sai a koma wa mai kula da tsarin ofishin.

Masu Linux an yi musu nasu zaman. Manhajojin taga mai saukowa, Guake a tsarin tebur na GNOME da Yakuake a na KDE, duk da F12 suke saukowa. A ƙarƙashin Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a Linux, F12 na Guake kan ƙi amsawa, sai a shiga saitin kibod na GNOME a ɗaura maɓallin a kan umarnin guake-toggle.

Wayar da kai kan damfara ba ta cikin tsarinmu na farko, buƙata ce ta shigo da ita. Akwai shafukan bogi da ke cewa don a tabbatar kai mutum ne, danna Win da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Shafin ya riga ya saka mugun umarni a ma'ajiyar kwafi, mai kwamfuta ne ke gudanar da shi da hannunsa. Babu shafin gaskiya da ke neman haka. Windows Terminal na yin gargaɗi idan za a liƙa rubutu mai layi fiye da ɗaya ko mai girma sosai, kuma muna roƙo kada kowa ya kashe wannan gargaɗin don wai yana ɓata lokaci. A kuma tuna umarnin da aka rubuta na taruwa a wani fayil na rubutu da duk wanda ya samu shiga asusunka zai iya buɗewa, (Get-PSReadLineOption).HistorySavePath zai nuna inda yake. Kalmar sirri ba ta da gurbi a layin umarni.

Abin da bai kammalu ba: jagorar Hausa da aka yi alkawari tana hannun masu duba ta, sashen Linux ne ya rage. Ba a kuma taɓa macOS ba, duk da manhajarsa ta iTerm2 na da irin wannan taga mai saukowa, mun sa shi a gaba cikin shekara mai zuwa tare da koyar da rubuta fayilolin umarni na ajiyar bayanai. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka za a yi zama na musamman kan kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kafin zaman farko, kowa ya rubuta winver a kwamfutarsa ya zo da lambar OS Build da ya gani. Windows Terminal na buƙatar lamba 19041 ko sama da haka, waɗanda nasu bai kai ba za a haɗa su rukuni ɗaya a fara da sabunta musu tsarin.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa