Kan Ɓoye Alamun Kuskure a Jadawalin Lissafi na Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wata dabara da ta yaɗu tsakanin matasan da ke riƙe wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoma lissafi a nan Maraɗi, wato ɓoye alamun kuskure a jadawalin Excel ta hanyar sauya launin rubutu bisa sharaɗi. Ni ma sana'ata ke nan, kuma jadawalan da ke biyowa ta hannuna sun sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Duk wanda ke aiki da Excel ya san waɗannan alamomi. #DIV/0! tana fitowa idan an raba lamba da sifiri ko da gurbin da babu komai a ciki, #N/A tana fitowa idan RECHERCHEV, wato dabarar neman bayani a jadawali, ta nemi suna a jeri ba ta same shi ba, #REF! kuwa tana nuna an goge layin da lissafin ya dogara da shi. Na kawo sunayen yadda suke bayyana a allo ne, tun da galibin kwamfutocinmu da Faransanci suke aiki. Dabarar ba ta da wuya: mutum ya zaɓi gurabun, ya shiga Mise en forme conditionnelle, wato sashen sauya launi bisa sharaɗi, ya kafa doka cewa duk gurbin da ke ɗauke da kuskure a mai da rubutunsa fari. Nan take takarda ta yi fes. Wannan kayan aiki yana cikin Excel tun fitowar 1997.

Na san abin da ke kai mutane ga yin haka, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Malamin lissafi yakan shirya jadawalin kaka tun kafin a fara awo, layi 200 na wake da gyaɗa da aya, ya sa dabarar fitar da farashin tiya a kowane layi. Layukan da ba a cike ba tukuna duk sai su cika da #DIV/0!, in Alhaji ya duba takardar ya ga zane-zanen da bai gane ba, ya ɗauka yaron ya ɓata masa lissafi. A irin wannan hali ɓoyewa ba ta cutar da kowa, domin an san dalilin alamar, kuma za ta gushe da zarar an zuba lambobi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar farin launi ba ta tambayar dalili. Kuskuren da aka sani da wanda ba a sani ba, duka fari take mai da su. A ɗauka ƙungiya tana rabon takin zamani bashi, tana da jeri biyu: ɗaya ya zo daga ofis an rubuta Guidan Roumdji da Madarounfa da Tessaoua, ɗayan kuma sakatare ya buga shi da kansa ya rubuta Gidan Runji da Madarumfa da Tasawa. A wurinmu garuruwan ɗaya ne, amma RECHERCHEV ba ta san haka ba, hasali ma tazara guda da aka bari a ƙarshen suna ta isa ta hana ta ganewa. Sai ta fitar da #N/A, doka ta rufe ta, shugaban ƙungiya ya ga gurbi fayau ya fahimci cewa ba a bin mutanen wannan gari ko dala. Wannan daidai yake da shafa farar ƙasa a bangon da ya tsage ana gab da damina.

Kuskuren kuma ba ya zama wuri ɗaya. SOMME, wato dabarar fitar da jimla, ba ta iya tara layin da ke da alama ko guda, ita ma sai ta fitar da alamar, idan kuwa gurbin jimla yana cikin yankin da aka yi wa doka, shi ma ya ɓace. Daga nan ne masu gaggawa ke komawa ga SIERREUR, wadda ta shigo da Excel 2007, su umarce ta ta sa sifiri a madadin kowane kuskure. A ganina wannan ya fi farin launi haɗari, domin sifiri lamba ce da ke shiga lissafi. Idan tiyar wake tana sefa 1000 a kasuwanni uku, ta huɗu kuma ba a samu farashinta ba aka sa mata sifiri, MOYENNE za ta ce matsakaicin farashi sefa 750 ne, kuma a kan wannan lamba wani zai yanke shawarar sayar da abin da ya ajiye. Idan da farin launi aka ɓoye kuskuren, a allo aƙalla mai lura zai iya ganin ɗan koren tabon da Excel ke sawa a kusurwar gurbin, amma da zarar an ɗauki hoton jadawalin an tura ta WhatsApp zuwa Katsina ko Yamai, da wuya wanda ya karɓa ya gano komai.

Ya kamata mu tuna cewa akwai kurakuran da ba sa nuna alama ko kaɗan. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona kusan 16,000 a waje da ƙidaya, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, kuma babu gurbin da ya yi gargaɗi sai bayan kwanaki aka farga. Saboda haka idan kwamfuta ta nuna mana inda lissafi ya karye, taimako ta yi mana.

Shawarata ita ce a ɓoye abin da aka san dalilinsa kaɗai. Maimakon doka mai rufe komai, a rubuta =ET(C2="";ESTERREUR(D2)), wadda ke ɓoye alamar da ke gurbin farashi (D2) idan gurbin adadin tiyoyi (C2) bai cika ba, ta bar sauran a fili. Wanda ya fi wannan kyau ma shi ne a gyara lissafin tun daga tushe da =SI(C2="";"";B2/C2), wadda ke barin gurbin fayau idan C2 bai cika ba, in ya cika ta raba kuɗin da ke B2 da shi, sai dai a kula, gurbin da aka bari ta wannan hanya SOMME da MOYENNE suna tsallake shi, amma in aka haɗa shi da alamar tarawa kai tsaye zai fitar da #VALEUR!. Ga neman suna kuwa, akwai SI.NON.DISP tun Excel 2013, wadda ke kama #N/A kaɗai, kuma a sa ta rubuta "babu a jeri" don mai karatu ya san akwai aikin da ya rage. Idan takardar da za a miƙa wa Alhaji ce kawai damuwar, a sashen Mise en page akwai zaɓin da ke hana buga alamun kuskure a takarda, alhali suna nan a allo ga mai aiki.

Ni a jadawalan da nake riƙewa, dokar sharaɗin nan ja nake sa ta yi wa kurakurai, kuma a saman kowane shafi ina ajiye gurbi guda mai ɗauke da =SOMMEPROD(--ESTERREUR(D2:D200)), wanda ke ƙirga min su ko an ɓoye su ko ba a ɓoye ba. Muddin wannan gurbi bai nuna sifiri ba, ba na sa hannu a rahoto.

Ina kira ga cibiyoyin koyar da kwamfuta na garin nan da kada su koya wa ɗalibai ɓoye alamun sai sun fara koya musu ma'anar kowace ɗaya. Alhazanmu da shugabannin ƙungiyoyi kuma, ko ba su iya kwamfuta ba, suna da ikon cewa a nuna musu gurbin ƙirgar kurakurai kafin su amince da jimlar da aka kawo musu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin lissafin ƙungiyar manoma,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.