Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni ko sababbin kayan gina manhaja za su kori tsofaffi

Assalamu alaikum ƙanena,

Tambayar da ka yi mini gaban jama'a ranar taron matasa masu koyon rubuta manhaja nan Maradi ita ce wai su Electron da Flutter da Tauri za su kori tsofaffin kayan da ake gina fuskar manhajar kwamfuta da su, irin su Qt da Windows Forms da Swing, in ko haka ne don mi za ka ɓata lokacinka wajen koyon tsoho. Ranar lokaci ya ƙure, shi ya sa na ce bari in rubuto a fili, don na san ba kai kaɗai abin ke damu ba.

Ba za su kore su ba, ba nan kusa ba dai. Sabon aiki kam zai yi ta komawa hannun sababbi, amma wanda aka riga aka gina yana nan daram, kuma sai an samu masu kula da shi.

Duba Microsoft kawai. Sun hiddo Windows Forms a 2002, a 2006 suka kawo WPF mutane suka ce shi ke nan an gama da na farko, a 2015 ga UWP tare da Windows 10, a 2021 kuma ga WinUI 3, to duk da wannan jerin gwanon a ƙarshen 2018 su da kansu suka buɗe lambobin Windows Forms da WPF ga kowa, suka sa su cikin sabon .NET, har yau ana gyara su. Silverlight da ya zo bayansu da ƙarfinshi shi ne aka rufe a 2021. Java ma haka, JavaFX ya zo a 2008 don ya gaji Swing, amma a 2018 shi aka cire daga cikin JDK 11, wato kunshin kayan aikin Java, aka bar Swing, kuma Android Studio ɗin da kake buɗewa kullum kana rubuta Flutter a ciki, da Swing aka gina fuskarshi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne GIMP, manhajar gyaran hoto. Dominshi aka ƙirƙiro kayan gina fuska na GTK tun farko, amma GTK 3 ya fito a 2011, GIMP bai koma kanshi ba sai Maris 2025, alhali GTK 4 ya fito tun 2020. Ba ragwanci ba ne, canza fuskar babbar manhaja aiki ne na shekaru, kuma mai amfani da ita bai ganin ribar wahalar, shi dai ya buɗe ta yi mishi aiki.

Yanzu mu dawo gida. Shiga wani shagon sayar da magani ko na ’yan sari kusa da babbar kasuwa ka tsaya bayan yaron da ke kan mashin, wato kwamfutar shagon, ka kalli hannunshi. Bai taɓa maus, Tab da Enter kawai yake bugawa, ya sa haruffa uku na sunan kaya, ya sa adadi, firinta ta tofo rasit, idonshi na kan mai saye na gaba. Manhajar nan wataƙila da Delphi ko WinDev ko Visual Basic 6 na 1998 aka yi ta, taga mai ruwan toka ba ado ko kaɗan, amma lissafin bashin Alhaji na shekara da shekaru na cikinta, da wa ya ɗauki kaya zuwa Tasawa da wa ya biya rabi. Ka je ka ce mishi ya zuba kuɗi a sake ta don fuska ta yi kyau, tambayar farko da zai yi ma ita ce, wadda ke akwai mi ta yi?

Sannan ga maganar mashin, wadda masu bidiyon koyarwa na waje ba su kawo ta tunda ba matsalarsu ba ce. Electron, da GitHub suka fara a 2013, kowace manhaja da aka yi da shi tana ɗauke da burauzar Chromium da injin Node.js nata na kanta, kenan kamar ka buɗe wani Chrome ne daban. Kwamfutocinmu da yawa na hannu ne, RAM giga 4, wasu har yau Windows 7 ke kansu duk da an daina tallafa mishi tun Janairu 2020, kuma Electron ya bar Windows 7 tun 2023, Qt 6 ma bai tafiya a kanshi. Ga ɗauke wuta lokacin zafi, ga kuɗin data. Wallahi abin na ci mini rai in ga yaro mai basira ya yi wata da watanni yana aiki mai kyau, a kai shago mashin ya kasa ɗauka, mai shago ya yanke cewa yaran gida ba su iya ba.

Kar ka ɗauka ina kushe sababbin. VS Code da Electron aka yi shi kuma ni ma da shi nake aiki. Flutter ya kai Windows sosai a 2022, in mai aiki na son abu guda a waya da kwamfuta to shi zan ba ka shawara, Tauri kuma bai ɗauko burauza tashi, da wadda ke cikin mashin yake aiki, shi ya sa bai da nauyi. Ka koye su, can kasuwar gobe ta fi yawa.

Abin da nake roƙonka shi ne ka raba lissafi da fuska. Dokokin farashi da bashi da abin da ya rage a sito su zauna gefe guda, buton da taga gefe guda, ta yadda ranar da kayan fuska suka tsufa fuskar kawai za ka sake. Ka riƙe tsoho guda ɗaya da kyau, ni Qt zan ce, tun 1995 yake kuma VLC da Telegram na kwamfuta duk da shi suke tafiya. Kuma kafin ka rubuta layi ɗaya ka je shagon da kanka, ka duba wane Windows ne, RAM nawa, wace firinta.

In ka samu sarari ka biyo da kwamfutarka bayan la'asar, akwai wata tsohuwar manhajar sito da nake gyara ma wani ɗan kasuwa, mu buɗe ta tare ka ga yadda cikinta yake. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka