Malam Edita, wayar mutumin ƙauye hannu nawa take bi kafin ta dawo aljihunsa?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya a nan karkarar Gumel da kewaye, wato yadda kuɗi da sirrin mutane ke zurarewa ta waya da kwamfuta.

Ina karanta shawarwarin da masana ke bayarwa a jaridu da rediyo, kuma ban ce ƙarya suke ba, amma wallahi kusan duk don ɗan birni ake yin su. Kullum maganar ɗaya ce, kada ka ba kowa lambar sirrinka, kada ka ba kowa wayarka. Toh wanda bai yi boko ba fa, wanda ko alat ya shigo sai ya nemi yaro ya karanta masa? Wanda garinsu babu wuta, dole kullum ya kai wayarsa shagon caji ya tafi gona? Mu a nan ba wani gwanin kwamfuta daga ƙasar waje ne ya fi damunmu ba, da hannunmu muke miƙa komai, wani lokaci don dole wani lokaci don kunya.

Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan kowa ya buɗe asusu, har tsoffin da da suke cewa su da banki har abada, saboda in ka kai riɗi ko zoɓo ko ɗan akuyarka kasuwa sai a ce maka sai dai taransifa. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya gefen mai POS ko na ɗan lokaci ne ka ga abin mamaki. Dattijo zai miƙa kati ya faɗi lambar nan huɗu da ƙarfi mutum goma na layi suna ji, wani ma ya rubuta ta a takarda ya naɗe da katin ya ɗaure da roba, ka ga duk wanda ya tsinci ɗaya ya tsinci biyu ke nan. In ka ce masa Baba karɓi na'urar ka danna da kanka, sai ya ce haba ai yaron nan ɗan wane ne, na san ubansa. Ni ban ce masu POS ɓarayi ba ne, mafi yawansu yaranmu ne masu neman halak, amma ba shi kaɗai ne ke da kunne a wurin ba. Kuma mutumin da ke gane kuɗi ya ƙirga dubu ɗari ba kuskure, ba zai gaza koyon danna lamba huɗu ba in aka zauna da shi da yamma aka nuna masa a hankali. Mu 'ya'yansu ne muka yi ƙyuya.

Sai maganar caji, wadda ita ce ban taɓa jin wani masani ya taɓo ba. Waya ɗari a kan tebur ɗaya, janareto na ƙara, mai shagon ya fita salla ya bar ƙanensa. Mutane na tsoron a sace wayar ne, alhali ɗan layin da ke ciki ya fi wayar daraja nesa ba kusa ba, don yanzu layin nan shi ne makullin rumbu. Da shi ake danna lambobin banki a tura kuɗi ko a sayi kati ba sai da intanet ba, ta kansa saƙon banki ke shigowa, kuma duk wanda ya riƙe shi in ya danna *565*0# zai ga BVN ɗinka, *346# kuma ta nuna masa NIN. Ko ka sa wa wayar makulli a fuska, ai zare layin kawai za a yi a sa a wata ƙaramar waya. Maganin wannan yana nan cikin kowace waya har 'yar rakani-kashi, wato sa wa shi layin kansa lambar sirri ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Sai dai a yi hattara, in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai an sa lambar PUK, ita kuma tana jikin faffaɗan katin nan da aka ɓallo layin daga ciki, wanda yawancinmu tun a wurin rajista muke yar da shi. A adana shi cikin akwati tare da takardun gona. Wanda kuma ba zai iya wannan ba, ya zare layinsa da memori kafin ya ba da caji, shikenan, ba faɗa ba zargi.

Masu kira kuwa sun ƙware. Da da Turanci suke yi ana kashe musu waya, yanzu da Hausa tsantsa, da sallama da ranka ya daɗe, su kira sunanka har da na mahaifinka, su ce daga banki ne za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka turo maka yanzu ba. Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne ta hau kan gaskiya, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da umarnin haɗa layi da NIN a watan Disambar 2020 mutane sun ga an rufe layuka da idonsu, saboda haka da an ce rufewa sai hankali ya tashi. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar katinsa ko lambar da ya turo masa, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da muryarsa ta fi ta liman daɗi. Haka lamba shida ta WhatsApp, a kira ka a ce za a yi taron ƙungiya ta intanet an turo maka lambar shiga, kana faɗa an ƙwace, kafin magariba an bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka wai kana asibiti a turo dubu ashirin. Alhali a cikin saitin WhatsApp ɗin akwai wurin sa wata lambar sirri ta biyu da ke toshe wannan ƙofar, minti biyu ya isa. Su kuwa saƙonnin tallafin taki da rancen noma da data kyauta da ake ta turawa guruf-guruf, a ce cike nan ka tura wa mutum goma, ni dai roƙona ga malamanmu da masu faɗa a ji su daina turawa, don in daga wayar malam ya fito ba mai tambaya.

Kwamfuta ba kowa ke da ita a gida ba a nan, ta shagon kafe ita ce ta kowa da kowa. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, yaro zai je da takardunsa, mai shago ya buɗe masa imel ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa shi mai shagon zai sa, yaro ya tafi bai san ko ɗaya ba. Shekara na zagayowa ana neman imel ɗin an rasa, ko mai shago ya tashi ya koma Kano. Ka leƙa kwamfutar ka ga hotunan fasfo da takardun NIN na rabin gari zube a fuskarta, yawanci kuma tsohuwar manhajar Windows 7 ce wadda kamfanin Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 an daina a Oktoban 2025. Kowane filashi aka soka sai ya kwaso cuta. Fotokofin da ya lalace kuwa ba a ƙonawa, ƙarshensa wurin mai ƙosai, ka sayi na ɗari biyu a naɗe maka da sunan wani da hotonsa da ranar haihuwarsa. Daga baya mu zauna muna mamakin yadda mai kira ya san sunan mahaifinmu.

Akwai kuma samarin da ake bi ana ba su ɗan abin da bai kai kuɗin shinkafa kwano ba su ba da NIN da hoton fuskarsu, ko su yi wa baƙo rajistar layi da sunansu. Ranar da aka yi damfara ko aka karɓi kuɗin fansa da wannan layin ko asusun, ƙofar gidan mai sunan jami'ai za su ƙwanƙwasa, shi wancan ya daɗe da ɓacewa.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne na mata, kuma shi ne ba a magana a kai saboda ba kuɗi ake rasawa ba, mutunci ne. Matar aure tana cikin gida ba fita take ba, yaro za ta ba wayarta ko memori ya kai wa mai tura fina-finai da waƙoƙi, ko mai gyara in fuskar ta fashe. A ciki akwai hotunanta na ɗaki ba lulluɓi, akwai na biki, akwai saƙon murya tsakaninta da mijinta da ke ci-rani a Legas. Kwafe su ba ya ɗaukar lokacin shan shayi, kuma ba wata alama da za ta nuna an taɓa. Ko gogewa aka yi ba lallai ya tafi ba, akwai manhajojin da ke dawo da hoton da aka goge daga memori, shi ya sa sayar da waya da memorinta a ciki ko ba tare da an wanke ta gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa ba babban ganganci ne. In abu ya fita, ita za a zaga, ita za a saka, ba mai tambayar wane ɗan iskan ne ya kwafa. Ya kamata magidanta su sayi memori daban na fina-finai wanda shi kaɗai ke fita daga gida, ai bai kai kuɗin cefanen yini biyu ba. In gyara ne kuma miji ko yayanta ya je da kansa ya tsaya a kai.

An ce akwai doka, kuma akwai ɗin. A watan Yunin 2023 shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC mai kula da hakan, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, NCC ma tana da lambar ƙorafi kyauta 622. Amma tambayi mutum ɗari a Sule Tankarkar ko Gagarawa wa ya taɓa jin ɗaya daga ciki. Saƙon gargaɗin da bankuna ke turowa duk da Turanci yake zuwa, ɓarawo kuwa da Hausa yake kira, ka ga wa za a fi fahimta.

Don haka Malam Edita roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan gurbi duk mako, abu ɗaya tak a koya, da hoton inda za a danna, wannan makon makullin layi, mako mai zuwa lambar WhatsApp ta biyu, na gaba yadda mutum zai rufe asusunsa daga wayar maƙwabci in tasa ta ɓace, tunda bankuna na da lambar yin hakan. Mu da ke karantawa za mu kai majalisa da makarantun Islamiyya na matan aure. Ku kuma taya mu tambayar bankuna da kamfanonin waya me ya hana su turo gargaɗinsu da Hausa, ko ma da murya, tunda in talla ce sun iya yi da Hausar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin firamare daga karkarar Gumel, Jihar Jigawa.